Tsohuwar da Ke Tsoron Ikrima

Duk wanda ke sayen netwok a shagon Alhaji Alu da ke bakin kasuwar Kurfi ya san cewa Tsohuwa tana tsoron Ikrima.

Tsohuwa kwamfuta ce. Baƙa, mai ƙaton ciki, wata makarantar kuɗi ce ta yar da ita, Alu ya tsinto. Tana zaune a ƙarƙashin teburin shago, an ɗora ta kan bulo saboda ruwan damina. Ba ta da allo, ba ta da kyan gani. Amma duk netwok ɗin da farantin da ke kan dogon ƙarfe yake jawowa daga Dutsin-Ma, ta cikinta yake bi kafin ya isa wayoyin mutane. Masu POS, 'yan makaranta masu neman gurbi, samarin da ke kallon ƙwallo a waya, har da wani mai maganin gargajiya da ke tallar maganin basir ta bidiyo, duk a jikinta suke rataye. In ta ga dama ta yi aiki. In jama'a suka yi yawa sai ta yi shiru. Fitilarta na ci, fankarta na juyawa, amma ko harafi ba ya fita. Alu ya danna mata maɓalli ta farfaɗo, ta yi ɗan aiki, ta sake sumewa.

Sai a kira Ikrima.

Ɗan ƙanwar Alu ne, yana zaune da uwarsa a Dutsin-Ma. Daga sakandare bai ƙara gaba ba, abin da ya sani na kwamfuta a waya ya koya, a jikin Tsohuwa kuma ya gwada. Ba mai yawan magana ba ne. Zai sauko daga motar haya, ya gai da kawunsa a taƙaice, ya tsugunna, ya jona ƙaramar kwamfutarsa, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya zauna kan galan yana kallon allo. Daga wannan lokaci har a rufe shago, Tsohuwa ba ta ko tari. Da yamma ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Washegari, da zarar rana ta yi sama mutane sun taru, ta mutu.

Abin da yake yi a kan galan ɗin farauta ce. A can cikin zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wurin da masu sana'ar ke kira kanel, akwai wani ɗan shiri da ake ce wa direba. Aikinsa ya karɓi saƙo daga kwamfuta ya miƙa wa katin netwok, ya karɓo daga kati ya miƙa wa kwamfuta. Ikrima ya daɗe yana zargin direban nan. Katin ma ba shi da asali, a wani lungu a Kano Alu ya sayo shi, a cikin kwalin da ba wanda ya iya karanta rubutunsa. Don haka duk zuwan da zai yi, abu na farko shi ne ya kunna bin sawu. Wani ido ne da ake buɗewa a cikin kanel, yana rubuta duk motsin da direba ya yi: ya karɓa, ya miƙa, ya jira, ya yi tuntuɓe. Layuka su yi ta zuba a allo. Ikrima ya zauna jiran laifi, laifi ya ƙi zuwa. In zai tafi sai ya kashe idon, don rubutunsa cika ma'ajiya yake yi.

Da haka ake tafiya, har wani kamfani a Kaduna mai shimfiɗa wayar netwok ta ƙarƙashin ƙasa ya neme shi. Sun gwada shi ta waya, sun ce ya zo kafin wata ya ƙare, in bai zo ba akwai masu jira. Ya faɗa wa uwarsa, Inna Kande, tana tsince wake a tsakar gida. Ba ta ɗago ba. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma cika kallon idonsa ba. Ta ce tun rasuwar mahaifinsa Yaya Alu ne ya tsaya masa, shi ya kai shi makaranta, shi ya miƙa masa kwamfutar farko da ya taɓa. Ta ce ita ba ta hana shi Kaduna ba.

"Amma ba ka taka ƙafa sai ya sallame ka da bakinsa, na ji da kunnena."

Alu kuwa da ya ji maganar sai ya yi dariya, ya ce alhamdu lillahi, yaro ya girma. Ya yi ta sa albarka a kan Kaduna da mutanenta da titunanta. Sannan ya nuna ƙarƙashin tebur da haɓa.

"Ranar da wagga ta yi kasuwa guda ba ka nan, ba ta mutu ba, na sallame ka. Ban ce biyu ba. Guda."

Ikrima ya dubi Tsohuwa. Fitilarta tana ƙyaftawa cikin ladabi, kamar ba ita ba.

Labari ya zaga bakin kasuwa, kowa ya kawo shawara. Gaba-gaba ita ce Hajiya Batula mai POS, wadda tebur ɗinta ke daidai ƙofar shagon. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, haƙorin gwal ta sa, sunan ya bi ta, ita kuma ba ta mayar ba. Ta ce ita ta san irin halin Tsohuwa, ta zauna da shi shekaru a gidan aure: a gaban baƙi mutumin kirki, baƙi na fita ya kwanta. Ta ce a ɗora mata hular Ikrima ko za ta ɗauka yana nan. Aka ɗora. Ta mutu da hula a kai. Aka liƙa mata hotonsa na makaranta, wanda ya ɗaure fuska a ciki kamar an kama shi da akuyar sata. Ta mutu tana kallonsa. Mai maganin basir ya ce abin na iska ne, ya kawo garwashi ya turara mata. Fanka ta zuƙe hayaƙin tas, aka daɗe shagon na ƙamshin maƙabarta, netwok bai ƙaru da komai ba.

Alu yana tsaye a kan duk wannan da fuskar mai jimami. Shi ke riƙe kaskon turaren ma. Amma duk sanda ta mutu, da hanzarin saurayi yake ciro waya ya kira Ikrima, muryarsa wasai.

Ikrima bai yarda da hula ba, bai yarda da iska ba. Amma a ƙasan ransa akwai wani ɗan wuri da ke jin daɗin a ce na'ura tana tsoronsa. Ba abin da ya taɓa tsoronsa, ko kajin gidansu.

Wata rana yana shago aka kira shi cewa motar ɗaurin auren wani abokinsa a Dabawa za ta tashi. Ya fizge wayoyinsa ya fita a guje, bai kashe idon ba. A Dabawa aka ɗaura aure, aka ci tuwo, aka kwana, wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ya duba ko caji ya ƙare. Ya duba ko layi ne. Ya sa abokin ya kira shi daga gefen rumfa, ta yi ƙara lafiya lau. Ya koma Dutsin-Ma, shiru. Har ya fara tunanin ko Kawu ne ya rasu aka rasa mai faɗa masa.

Da kiran ya zo daga baya, wata irin mutuwa ce daban. Ya tarar ma'ajiyar Tsohuwa ta cika maƙil da rubutun bin sawu, ba wurin ajiye ko ɗigo, ta shaƙe ta faɗi. Ya tsugunna yana share tarin layukan, sai hannunsa ya tsaya.

Duk kwanakin nan ba ya nan. Idon yana nan. Ba ta mutu ba sai da ƙoshi ya kashe ta.

Ya daɗe a tsugunne. Ashe ba shi take tsoro ba. Shi ɗan rakiya ne kawai, mai ɗauko idon ya kawo, ya ɗauke ya tafi da shi. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata.

A motar komawa, matse tsakanin buhun albasa da wani dattijo mai barci a kafaɗarsa, ya gama haɗa lissafin. Idon ba kallo kawai yake yi ba, rubutu yake yi, rubutu kuma yana cin lokaci. Duk motsin da direba zai yi sai ya ɗan dakata a rubuta. Dakatawar ba ta kai ƙyaftawar ido ba, amma ta isa ta hana shi gaggawa. Laifin, ko mene ne shi, a cikin gaggawa yake faruwa. In ka zuba masa ido ka rage masa gudu, in ka rage masa gudu ba zai yi laifin ba. Ya kwashe watanni yana gadin ɓarawon da gadin ne ke hana shi sata.

Dabara mai arha ta zo masa kafin su shiga gari. Ya koma Kurfi ya kunna idon, ya saita shi ya riƙa rubutawa yana zubarwa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Ba abin da zai taru, ba abin da zai cika. Ya ce wa Alu gobe kasuwa ba zai zo ba.

Ranar kasuwar ya hau babur ya tafi dam ɗin Zobe. Ya zauna bakin ruwa ya sayi soyayyen kifi, yana ci yana kallon masu jan koma. Waya a kan gwiwarsa, ba ta motsa ba har rana ta karkata.

Washegari ya sa wankakkiyar riga ya tafi karɓar sallama. Ya tarar da Alu a kan benci yana ɓare gyaɗa, fuska ba yabo ba fallasa. Alu ya ce lallai ta yi kasuwa. Ya ce Allah mai iko. Sannan a hankali ya tambaya me aka yi mata.

A nan ya kamata Ikrima ya ce ya gyara, ya yi shiru. Amma watanni ya yi yana cin wuya shi kaɗai, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda abin yake. Sai bakinsa ya buɗe. Ya faɗi kanel, ya faɗi direba, ya faɗi ido da gaggawa da kwando. Tun da aka haife shi bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Alu ya saurara har ƙarshe. Mutum ne da ya yi shekaru yana noman rani a Zobe, ya san ma'aikacin da ke aiki sai in ana tsaye a kansa. Ya fahimci zancen fiye da yadda Ikrima ya so.

"Wato ka bar idonka ciki."

"Ba idona ba ne, Kawu. Shiri ne."

"Wa ya buɗe shi?"

"Ni."

"In ya rufe, wa ya san yadda ake buɗe shi?"

Alu ya ɓare wata gyaɗar.

"To ba ka tahi ba, ɗan nan. Gangar jikinka ce ta tahi Zobe cin kifi. An gan ka. Ko ƙaya ba ka kawo mani ba."

Batula ta leƙo daga ƙofa ta ƙara da nata. Ta ce jiya dai ba ta mutu ba, amma tafiyar mai ciki ta riƙa yi, kafin saƙo ya fita mai cire kuɗi ya gama ba ta tarihin danginsa. Ta ce in wannan ne gyaran Injiniya, Allah ya jiƙan mutanen Kaduna.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaskiya suka faɗa. Bai gyara komai ba. Ya dasa mutum-mutumi ne a gona. Ranar da wani abu ya taɓa saitin, idon zai rufe, Tsohuwa ta koma halinta, shi kuma yana can wata jiha.

Kasuwa ɗaya ta rage kafin wata ya ƙare. Hanya kuma ɗaya ce. Dole ya ga laifin da idonsa, laifin kuwa ba ya fitowa sai in direba ya ji ba a kallonsa. Sai dai ya rufe babban idon, ya bar wata 'yar siririyar kafa, mai rubuta abu kaɗan ƙwarai, wadda ba za ta rage wa kowa gudu ba. Ma'anar wannan ita ce ya bar Tsohuwa ta mutu da gangan, a ranar kasuwa, a gaban jama'a. Bai faɗa wa Alu ba.

Ranar ta zo. Motoci sun sauke kaya, masu awaki sun cika bakin hanya, layi ya miƙe a gaban teburin Batula. Ikrima yana kan galan. Ya rufe babban ido, ya buɗe ƙaramin a ɓangaren da direba ke karɓar saƙo. Hantsi na yi, Tsohuwa ta mutu.

Kowa a bakin shago ya juyo ya dubi Ikrima. Ba mutuwar ce ta ba mutane mamaki ba, sun saba. A gabansa ta mutu, yana zaune, gwiwarsa na taɓa ta. Wani saurayi ya ce ta raina shi. Mai maganin basir ya ce dama ya faɗa, duk wani tsari yana da ranar karyewa. Batula ta ce haka suke, ranar da suka daina jin kunyar baƙo to zaman ya ƙare.

Ikrima ya duba abin da ƙaramin idon ya kama. Ba komai. Ɓangaren karɓa lafiyarsa lau. Ya tashe ta, ya mayar da idon ɓangaren aikawa. Ya sa shi ya kalli wurare da yawa, sai Tsohuwa ta ji nauyin kallo ta nutsu, ta yi ta aiki kamar ta Allah. Ya rage wuraren. Ya sake ragewa. Ya bar biyu kacal: inda direba ke rufe ƙofar aikawa, da inda yake buɗe ta.

Ta mutu. Ya miƙa hannu zai karanta, sai ga babban yatsan Alu ya riga shi zuwa kan maɓalli. Hannun ya saba, ba ya jiran izinin mai shi. Tsohuwa ta ɗauke ta dawo, abin da idon ya gani ya tafi da ɗaukewar.

Ikrima ya ɗago ya dubi kawunsa. Alu ya ce to me, ya bar ta a kwance mutane na jira?

Rana ta take. Layin Batula ya fara watsewa, wasu sun nufi wani mai POS a can bakin tasha. Wani mai shanu da ya zo karɓar saƙo daga Legas ya tsaya yana ambaton iyayen duk wanda ya ƙirƙiro waya. Samarin ƙwallo suka fara rera wa Ikrima waƙar da suka haɗa nan take, ba ta da daɗi amma tana da amshi. Tsohuwa ta sake yin wata ƙaramar suma, ta dawo da kanta kafin ya kama komai. A lokacin ne Alu ya gane abin da ake yi masa a shago.

Ya sunkuyo, ya rage murya. Zufa na bin gemunsa.

"Ka kashe idon ne, halan?"

"Na rage shi."

"Kunna shi. Kunna babban, mutane su samu su yi abin da ya kawo su. Na sallame ka. Ga Hajiya shaida. Kunna ka tahi Kadunarka, na yafe sharaɗin."

Batula ta ce ta ji, ta kuma shaida, a kunna don Allah.

Ga abin da yake nema tun farkon wata, an ajiye masa a gabansa. Layi ɗaya zai rubuta. Yatsunsa ma sun san hanyar, har sun hau kan haruffan. Ya ga motar Kaduna, ya ga kansa a kujerar taga. Sannan ya tuna cewa wani abu a cikin baƙin akwatin nan ya yi watanni yana yi masa dariya, kuma yanzu tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. In ya tafi yau, ba zai taɓa sanin ko mene ne ba.

Ya janye hannunsa.

"Kawu, bari ta sake mutuwa sau ɗaya."

"Mi ka ce?"

"Sau ɗaya. Kada kowa ya taɓa maɓallin."

Alu ya miƙe tsaye. Ya ce a gaban mutane ya yi tayin, a gaban mutane kuma yake janye shi, kowa ya shaida. Ya ce bai taɓa ganin wanda aka buɗe wa ƙofa ya ce shi sai ta katanga ba, sai jinin Kande. Batula ta ce ta shaida wannan ma, yau ita ranar shaida ta fito, ba ranar sana'a ba.

Ikrima ya ja galan ɗinsa ya tare gaban Tsohuwa, ya sa tafin ƙafarsa ya rufe maɓallin. Ya zauna jiran mutuwa. Ita kuwa, kamar ta san ana jira, sai ta ƙi. Ta yi ta aiki. Aka kira azahar, aka je aka dawo, yana nan ƙafa a kan maɓalli, sai da ya roƙi mai maganin basir ya tsare masa wurin ya je ya yi tasa sallar a gurguje. Ya dawo ya tarar mutumin yana yi mata addu'a a kunne.

Ba a jima ba bakin shago ya sake cika, kowa ya ciro waya lokaci guda, ta faɗi.

Alu ya yunƙuro. Ikrima bai ɗaga ƙafa ba. Ya karanta.

Layuka biyu ne a ƙarshen allon. Na farko ya ce an buɗe ƙofa. Na biyu ya ce an rufe ƙofa. Bayan su ba komai.

Ya daɗe yana kallonsu. A juye suke. Direban yana da ma'aikata biyu. Ɗaya mai lodi ne, yana zuba saƙonni a layin fita, in ya ga layi ya cika sai ya rufe ƙofa ya zauna jiran a buɗe masa. Ɗayan mai kwashewa ne, in kati ya aika saƙonnin sai ya share layin ya buɗe ƙofa. Tsohuwa tana da ƙwaƙwalwa biyu, kowane ma'aikaci yana kan tasa, suna aiki lokaci guda ba sa ganin juna. In aiki ya yi yawa, mai lodi zai ga layi ya cika, ya juya zai rufe. A cikin wannan ɗan juyin mai kwashewa ya share layin kaf, ya tura ƙofar da ba a riga an rufe ba, ya ce ya gama nasa, ya tafi ya kwanta. Sannan mai lodi ya rufe. Shi yana jiran a buɗe, wancan yana jiran a kawo abin kwashewa. Kowa ya yi aikinsa daidai, kowa yana zaune da gaskiyarsa, gari guda ba netwok.

Watanni. Saboda wawaye biyu da ba sa gaisawa.

Sake rubuta direban ya fi ƙarfinsa, ya san haka. Amma akwai abin da zai iya. Ya ɗaure ma'aikatan biyu a kan ƙwaƙwalwa ɗaya, yadda dole sai ɗaya ya gama ɗayan zai motsa. Ya rubuta saitin a inda zai tashi da kansa duk sanda aka kunna ta, ko wa ya danna maɓallin. Ya ɗaga ƙafarsa, ya ce wa Alu ya danna. Alu ya danna da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Da ta tashi, Ikrima ya rufe ƙaramin idon ma. Ya zare wayarsa daga jikinta, ya naɗe, ya rufe kwamfutarsa ya sa a jaka. Ya ce wa Batula ta sa a yi wa Tsohuwa lodi.

Batula ba ta buƙatar a faɗa mata sau biyu. Ta tara samarin ƙwallo ta ce kowa ya sauke fim, mafi tsawo, mai yawan waƙa. Mai magani ya tura bidiyonsa ga duk lambar da ke wayarsa, har da ta surukarsa. Mai shanu ya kira Legas ta bidiyo don kawai ya nuna wa ɗan'uwansa irin wahalar da ya sha. Fankar Tsohuwa ta yi ta gurnani, jikinta ya yi zafi kamar kaskon waina. Ba ta faɗi ba. Aka yi la'asar, kasuwa ta fara watsewa, ba ta faɗi ba. Samarin suka canza wa waƙarsu baiti, amshin dai bai canza ba.

Alu ya shigo da benci ya fara jawo ƙyauren shago. Ikrima yana tsaye da jaka a kafaɗa.

"Na ce kasuwa guda ba ka nan," in ji Alu, bai juyo ba. "Yau kana nan. Kowa ya gan ka. Har waƙa aka yi maka."

Ikrima ya ce kasuwa mai zuwa wata ya riga ya ƙare, mutanen Kaduna ba za su jira ba. Ya faɗa a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Ya riga ya san shi ya jawo wa kansa.

Alu ya ci gaba da kokawa da ƙyaure. Ƙyauren bai taɓa ba shi wahala haka ba.

"Ni na ce maka ka zauna Dutsin-Ma? Cewa na yi ba ka nan. Kaduna ma ai ba nan ba ce." Ya buga sakata. "Ka tahi can ka yi mani gwajin. In ta mutu, ko cikin rami kake da wayarku, ka taso."

Ikrima ya ce Inna ta ce sai ta ji da kunnenta.

Alu ya yi tsaki ya ciro waya. Ta netwok ɗin shagon ya kira, ya buɗe murya yadda Batula za ta samu abin shaida na uku. Ya ce wa Kande ɗan nata ya kusa kashe masa kasuwa yau, ya tara masa zagi daga Kurfi har Legas, don haka ya aike shi Kaduna ya huta da ganinsa. Ta tambaya ko ya sa masa albarka.

"Allah ya yi masa albarka," in ji Alu. "Ya kuma rage masa taurin kai, in ana ragewa." Ya ɗan tsaya. "Ke, kina jina kuwa? Muryata ba ta yankewa?"

Ta ce tana jin sa tar, kamar yana tsakar gidan.

Alu ya daɗe da waya a kunne, yana kallon rufaffen ƙyauren. Sannan ya ce to, a gai da gida.